Kukan Kurungu a Tabkin Madarumfa

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san kukan kifi. In ka tsoma filafili cikin tabki ka ɗora kunne bisa ƙotarsa, za ka ji kurungu na gurnani ƙasan ruwa. Haka ubana ya koya mini, da shi na ciyar da gidana.

Cikin shekarun fari, ruwa ya janye har muna taka inda dā muke tuƙi, sai ga wani anasara da tafintansa, ɗan birni mai farar riga. Sun zo da akwati mai waya, wai za su saurari tabki su san yawan kifin da ke ciki. Ni aka ce in tuƙa su.

Anasara ya zura wayar cikin ruwa, ya toshe kunnuwansa da wasu faifai, sai murmushi. Tafinta ya ce, "Ya ce tabkinku cike yake maƙil."

Na ce, "Malam, gaya mishi kurungu ba ya irin wannan kuka sai ya matsu. Ruwa ne ya ƙare musu, suka taru rami guda. Ɗan abin da ya rage ke nan, shi ne iri."

Tafinta ya yi dariya. "Baba, kai da itacenka za ka gyara ma na'ura ji?"

"Na'urarku ta ji daidai. Ku ne ba ku san abin da ta ji ba. Gaya mishi!"

Bai gaya mishi ba. Kalma biyu ya yi da Faransanci, anasara ya dafa kafaɗata kamar ana lallashin jaki, ya ci gaba da rubutu. Har yau in na tuna hannun nan sai raina ya ɓaci. Kuma ni na kai su bakin ramin, da hannuna, don in nuna na san ruwa.

Takardar anasara ta tafi biro, ofishin hukuma, wai tabki cike yake da kifi. Ba a yi wata ba kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke baƙin masunta da taru mai ƙananan idanu. Kwana kaɗan suka kwashe ramin tas, har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba, aka shanya su bisa tabarmi muna kallo.

Da damina ruwa ya dawo, kifi bai dawo ba. Na ja jirgina gida na kife shi bayan rumbu, na bar ma matata ragowar hatsi, na bi masu cin rani zuwa Najeriya. Can na yi dakon buhuna, ni da ban taɓa ɗaukar kayan kowa a kai ba.