Taku Uku Daga Bakin Lambatu

Tare muka sayi fom ɗin karatun tsara birane, ni da abokina, lokacin muna koyarwa a wata sakandare a Jos. Kwas ne na gaba da digiri, don masu son sauya aiki. Shi ya cike nasa, ni kuwa na jefa nawa a durowa, na ce da 'ya'yana uku ba zan koma ɗalibi ba. Duk Asabar in na hango shi a kan acaɓa, rungume da taswirori, sai in yi dariyar da ba ta kai zuci ba.

Bayan shekara uku ya ajiye alli, ya samu ofis. Ina gina katangar gidana a Daɗin Kowa, ya zo yi mini barka. Bai ko zauna ba, ya fara ƙirga taku daga bakin lambatu.

"Malam, ka ja baya taku uku," in ji shi. "Nan hanya ce a taswira."

Maginin da ni na ɗauko ya dakata da aiki, ya ce, "To, Oga." Ko kallona bai yi ba.

Wannan "Oga" ita ta ƙona mini rai. Na ce a ci gaba a inda na shata.

Shekara biyu katangar ta yi, hukuma ta shafa mata jan fentin rusau, na rushe ta da hannuna. Har yau abokina bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan kirkin nasa ya fi komai ba ni haushi.