Garin da Na Ɓoye a Gwangwanin Kuka

Edita, ina gaisuwa. A sakaya sunana, don a garinmu har yanzu akwai masu ganina da mutunci.

A shekarun da nake aikin gini a Dir'iyya, gefen Riyad, ni saurayi ne da littattafan soyayya na kasuwa suka rena. Tun ina sakandare nake hayarsu, har na yarda ni ma irin jaruman nan ne masu sanyin murya, waɗanda in sun yi magana budurwa kan sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Alhali ni mai nauyin baki ne. Akwai yarinyar da nake nema a gida, malamar Islamiyya. In na kira ta, daga gaisuwa sai tambayar ko an yi ruwa. Abin taƙamata ɗaya, ban taɓa shan komai ba. 'Yan ɗakinmu masu haɗiyar tiramol kallon banza nake yi musu, su kuma suna kirana Ustaz.

Wani ɗan Indunusiya da muke aiki tare ya ga ina dafe ƙugu, ya miƙo mini koren gari a leda. Ya ce kiratom ne, ganyen bishiya, tsofaffin ƙauyensu ke sha kafin su tafi gona. Da jin ganye na saki jiki, ai mu ma muna shan sabara da zogale. Ɗaci kamar maɗaci, amma ciwon baya ya lafa, bakina kuma ya buɗe. Ranar na aika mata saƙon murya mai tsawo, na kwatanta ta da ruwan sanyi a tsakiyar zafin Riyad. Ta yi dariya, ta tambayi wanda ya koya mini magana. Wawa, sai na ɗauka jarumin da ke cikina ne ya farka. Na juye garin a gwangwanin kuka don kada a gane. Daga safe kaɗai ya koma safe da rana da yamma, kuma ba na kiran wayarta sai na kaɗa na sha.

Bayan kusan shekara mahaifinta ya amince a yi maganar aure, amma ya ce sai an yi bincike. Wanta na karatu a jami'a a nan Riyad, shi aka ɗora wa ya gan ni. A makon ne ɗan Indunusiyan ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu, gwangwani kuma ya ƙare. Na bi shagunan kasuwar Baɗaha ina raɗa sunan garin, ana kallona kamar mahaukaci. Na dawo na ɗauraye gwangwanin na shanye ruwan, har da lasar murfi. Jarumin littafi ke nan.

Ranar Juma'a wan nata ya karɓe ni a gidansa a unguwar Utaiƙa, ya ajiye mini shinkafar kabsa a faranti. Hanci na zuba, hamma na bin hamma, zufa da sanyi a lokaci guda, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na ce masa mura ce. Da La'asar ta yi ya tura ni gaba in ja salla, don girmama baƙo. A ruku'u zawo ya taso mini, na yanke salla na ruga bayan gida. Da na fito ya kira ni ɗan'uwa, ya tambaye ni a hankali abin da nake sha. Na rantse masa ganye ne kawai. Ya ce wiwi ma ai ganye ce.

Kwanakin da suka biyo baya ina birgima a katifa, ƙasusuwa kamar ana sara, 'yan ɗakinmu da na raina ɗin nan su suka yi jinyata. Ɗaya yana matsa mini ƙafa yana ce mini sannu da zuwa Ustaz, ashe miyar kukarka ta fi ƙwayarsu ƙarfi. Ya ce tun tuni sun gane, don ba su taɓa ganin mai kaɗa kuka a kofin shayi ba.

Ita kuwa, da wanta ya kai rahoto gida, sau ɗaya ta kira. Ba kuka, ba suma irin ta littafi. Ta ce in nuna mata saƙo ɗaya cikin masu daɗin nan da na yi ba tare da na sha ba, in akwai za ta roƙi Baba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu. Na faɗa mata gaskiya, ta ce to ashe ba ni ta so ba, ta yi mini fatan lafiya ta kashe.

Na rabu da garin, amma har yau ina jin ƙyamar wancan saurayin mai ɗaga hanci yana lasar murfi. Masu cewa ganye ne ba ƙwaya ba, ku bari ya yanke muku ku gani, jiki ba ya tambayar ko a bishiya aka tsinko. Samari masu neman bakin magana kuma, ku je wa budurwa da naku ko da tambayar ruwan sama ce. Da na tsaya a kan tawa, da yanzu ita ke ba ni amsa.