Rumbunan Kaka Dije

Shekarar da fara ta cinye hatsin Adar aka rubuta mu lakwal, wato makarantar boko ta kwana da ke Madawa, ni da wana Idi. Kafin mu bar ƙauyenmu kusa da Galma, kakarmu Dije ce ke riƙe da mu. Bayan magariba takan hura wutar kara, ta ɗora tukunya ko da ruwa ne zalla a ciki, don maƙwabta su ga hayaƙi. Sai ta ce, "Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tahe."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta zabuwa. An yi yunwa, tsuntsaye duka suka tafi roƙo wurin sarkinsu. Zabuwa ba ta je ba. Kullum da safe takan shafa dusa a baki, ta fito tana gyatsa. Da sarki ya gane ita kaɗai ce ba ta roƙa ba, sai ya sheƙa mata gero a jiki, shi ne ɗige-ɗigen nan nata har yau.

Idi ya ce, "Kaka, to in sarkin bai gane ba fa?"

"Rufa min baki, mai kan tulu! Sarki shina ganewa."

Rumbunanmu biyu babu ko zangarniya, amma ta liƙe bakinsu da sabuwar laka, yadda masu hatsi ke yi.

A lakwal ana dafa tuwo, sai dai na yaran da gidansu ba kome ne. Sauran, daga gida za a aiko musu. Aka turo wani gardi, dogarin gwamnati, da takarda ya zaga ƙauyuka, ya rubuto gidajen da ba su da hatsi. Ya tarar da rumbu biyu a liƙe da hayaƙi a madafa. Ya tambayi Kaka, ta ce, "Alhamdu lillahi, mu dai mun gode Allah." Ya rubuta abin da ya gani, ya wuce. Da haka sunanmu bai shiga cikin masu cin tuwon lakwal ba.

Wata uku muna zaune gindin bango muna jin ƙamshin miyar wasu. Ɗan garin rogon da Kaka ta samo ta aiko, Idi ya riƙa tura mini, yana cewa ya ƙoshi. Har gyatsar ƙarya yake yi. Da sanyi ya shigo, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya rasu. Aka mayar da ni gida a kan jaki, ban sake komawa ba.

Kaka ba ta ƙara yin tatsuniyar zabuwa ba. Rumbunan kuwa ba ta buɗe su ba har ta mutu.

Yanzu da furfura nake zuwa makarantar manya, ina koyon baƙaƙe a hankali. Na daɗe ina jin haushin gardin nan, amma laka aka aike shi ya duba, ba cikinmu ba. Kaka kuma abin da uwarta ta koya mata ta yi.

Ga abin da ya tafi: wa ɗaya, kujera biyu a aji, da shekara talatin ban iya rubuta sunan Idi ba.