Kariya Ba Kaya

Kekuna ne suka cika zauren gidana a Kazaure. Na fara da guda ɗaya, baƙi mai nauyi, a shekarar da na samu aikin masinja a ofishin gona. Daga baya na sayi mai giya saboda hawan dutse, sai wani siriri na gwanjo da aka shigo da shi ta Babura, sai wani da na gani yana tsatsa a bayan rumfar mai faci, na kasa wuce shi. Haka suka yi ta taruwa. Da abokan aikina suka koma babur, ni ban koma ba. Ina son in ji ƙafata tana aiki, ina son shirun da ke biyo baya idan na saki feda a gangara. Mai ɗakina takan ce baƙonmu ba shi da wurin zama sai dai ya hau sirdi. Amma a kansu take shanya wanki in hadari ya taso.

Mahaifiyarta tana wani ƙauye a bayan Roni, ni Inna nake ce mata. Mai ɗakina ce 'yarta ta fari, don haka akwai kunya mai tsanani a tsakaninsu. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa taka gidana ba. Ko gaisuwa muke yi, iyakarta ta ce, "Yaya mutanen Kazaure?" In ce suna lafiya.

Duk Lahadi mai ɗakina takan ɗaure ƙulli a cikin tsohon zane ta miƙo mini. In ɗora a kariyar baƙin keken, in ja roba in tamke, in kama hanya. Idan na hango tsamiyar da ke bakin ƙauyen sai in sauka in tura, domin ba a isa ƙofar surukai a kan sirdi. In cire takalmi, in durƙusa daga bakin ɗaki. A karɓi ƙullin, a dawo mini da zanen da wani abu a ciki, man shanu ko kuka ko gyaɗa. Shekaru masu yawa muna haka.

Ƙanin mai ɗakina, wanda Inna take zaune a gidansa, shi ne abokin wasana. Da ya gan ni yake farawa.

"Alhajin kekuna! Yau ma wannan tsohon ka azabtar? Ka sayar da su duka ka sayi babur mana, ko ɗan ƙarami ne."

"In sayi babur in riƙa tura shi kamar naka?"

"Nawa mai yake sha, naka kuwa jinin yayata yake sha, kullum tana dafa maka abin da za ka ƙone a hanya."

A farkon damina mai ɗakina ta rasu. Ciwon bai daɗe ba. Allah bai bar mana 'ya'ya ba, biyun da muka samu tun suna jarirai suka koma. Maƙwabta suka fitar da kekunan suka jera a jikin katanga don a shimfiɗa tabarmi a zaure. Na zauna, ana zuwa ana tafiya, ina amsa gaisuwa. Ƙaninta ya zo da mutanen ƙauye. Inna ba ta zo ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin za ta zo.

Bayan an watse na mayar da kekunan mazauninsu. Da safe nakan goge su, in duba iska, in ɗiga wa kaca mai. Ban hau ko ɗaya ba. Ba baƙin ciki nake ji ba, ban san sunan abin ba. Kamar dai ƙafar da aka daɗe zaune a kanta har ta sage.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Abin da ke gabana shi ne ban san ko ina da sauran hurumin zuwa gidan Inna ba. Wadda ta haɗa mu ta tafi, ba jika a tsakani. Na ga yadda ake yi, a gaisa a wajen suna ko jana'iza, a hankali a zama mutanen da suka taɓa sanin juna. Ni kuwa ba ni da sauran tsohuwa a duniya sai Inna.

Wata Asabar na ɗauko zanen na shiga kasuwa don in haɗa ƙullin da kaina. Na tsaya a gaban masu kayan miya na rasa abin da zan ce. Ashe duk shekarun nan ban taɓa kwance shi ba. Na san nauyinsa, na san yadda yake zama a kariya, amma ban san abin da ke ciki ba. Na koma gida da zanen a ninke.

Washegari na fito da baƙin keken. An yi ruwa, hanya ta yi laushi, gero ya kai gwiwa. Keken ya yi mini sakayau a baya, a kowane rami sai in kai hannu in taɓa kariya. A gindin tsamiya na sauka na tura.

Ƙanin mai ɗakina yana gyaran garma a ƙofar gida. Ya miƙe, ya buɗe baki kamar zai faɗi abin da ya saba, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ya karɓi keken ya jingine da kansa.

Na durƙusa a inda na saba. Inna tana ciki, bayan asabari, ƙafafunta kawai nake gani. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta yi mini. Ba ta tambayi mutanen Kazaure ba. Kaji suna tono a tsakar gida.

"Inna, ban zo da komai ba," na ce. "Ban san abin da ake sakawa ba."

Na fara tunanin yadda zan yi sallama.

"Kanwa ce," ta ce. "Ja, ba fara ba. Da sabulu. Da ɗan man zafi saboda gwiwata." Ta tsaya. "Da alewa. Tun tana ƙarama ta gane ina so, ban taɓa faɗa mata ba."

Wannan ne karo na farko da na ji ta yi maganar 'yarta. Muryarta ba ta canja ba. Ni ma ban ɗago ba.

"Kun zo da zanen?"

Na ciro shi daga aljihu na tura ta ƙasan asabari. Can aka dawo mini da shi, da ƙwaryar man shanu a ciki. Ba ni da mai yi mini miyar da za a sa shi, amma na ɗaure a kariya.

Lahadin da ta biyo baya na kai ƙullin. Da zan tafi, ƙaninta ya rako ni har tsamiya yana riƙe da kan keken.

"Inna ta ce in faɗa maka sabulun ba shi ba ne. Wai ka sayo mai ƙamshi kamar za ta gidan biki. Na wanki take nufi, mai sanda."

"To."

"Kuma tayarka ta baya ta sha ƙasa, Alhajin kekuna. Duk tarin nan ba ka da mai lafiya?"

Na duba, gaskiyarsa ne. Na ce zan canja kafin mako mai zuwa, na hau.