Yadda Badaru Ya Raba Rumbun Marigayi Dalhatu

Badaru ɗan Horo Birni ne, amma tun da ya koyo gyaran kwamfuta a Sakkwato bai sake riƙe fartanya ba. A Bodinga ya buɗe shago. Hannunsa na da kyau, sai dai bakinsa ya fi aska kaifi, kuma ba a taɓa jin ya ce bai iya ba. Malamai da ma'aikatan asibiti kan zo su sha baƙar magana, gobe su dawo, don babu kamarsa a kusa.

Wata Talata Malama Rahinatu ta zo daga Lambara da kwamfutar mijinta Dalhatu, wanda ya rasu da damina. So take a tsuke ɓangaren rumbun ajiyar kwamfutar da injin ke aiki da shi, a yanka mata sabon wuri na aikin makaranta, don kullum ta kunna sai ta ci karo da hotunansa. Akwai kuma muryarsa yana yi wa 'yarsu Bahijja wasa. Ta roƙe shi kada ya taɓa su, ta wuce kasuwa.

Rabin rumbun fanko ne, amma ya ƙi tsukewa sai ɗan kaɗan. Badaru ya san dalili: wasu fayilolin injin sun kafe can ƙarshe, ba sa gusawa. Ya san magani ma: a kwafe komai tukuna, a kashe su ɗaya bayan ɗaya, a sake gwadawa. Aikin yini ne. Yana cikin tsaki sai Sama'ila mai cajin waya ya leƙo, ya tambaya cikin dariya ko yau an sami wadda ta gagare shi. Nan take Badaru ya watsar da batun kwafe komai. Ya wanke rumbun tas, ya raba shi biyu, ya zuba sabon Windo, manhajar da ke tafiyar da injin.

Bayan la'asar Rahinatu ta dawo. Ta buɗe nan, ta buɗe can, babu komai.

"Malam Badaru, muryatai fa?"

"Ba ke kika ce kin gaji da ganinai ba? Na hutasshe ki."

Ta daɗe zaune a kan benci, ba ta yi kuka ba. Shi kuwa ya ci gaba da faɗa mata cewa laifinta ne, mai hankali ba ya ajiye abu wuri ɗaya. Ta naɗe kwamfutar a hijabi ta fita. Daga baya ya ji ta kai ta Sakkwato, an tono hotuna kaɗan, duk a yayyage. Muryar ba a same ta ba.

Abin ya ɗan tsaya masa a rai, har ya kasa cin tuwon ranar. Kafin mako ya zagayo ya saro filas-filas na ajiyar fayiloli ya jera a gilashi. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin wata malamar Lambara mai sakaci, har da kwaikwayon yadda ta yi tambayar, sannan ya miƙo masa filas. Yawanci suna saye.