Randar Shagon Bakin Titi

Fentin ƙofar na fara gani. Shuɗi ne, amma inda ya ɓare kore na leƙowa, ƙarƙashin koren kuma ja. Ranar kasuwar Rano ce, da daminar da zan shiga firamare, Inna ta kai ni shagon Baba Hashimu tela a gwada ni don ɗinkin kayan makaranta. Na laɓe a bayan zanenta ina kallon ƙofar, sai ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar shiru-shiru, masu shagon kike ƙirgawa?"

Daga ranar, duk sanda aka aike ni niƙa sai na ratse, in zauna kan benci ina tsintar ƙyallaye don 'yar tsanata, shi kuma yana taka keke yana ba ni labari. Mai jan fenti shi ne Alhaji Na'iya mai awon gyaɗa, ƙugiyar sikelinsa tana nan maƙale a azara. Mai kore Malam Ilu ne, wanda ya daɗe yana sayar wa malamai tawada da alluna. Abin da ya haɗa su ukun, har da Baba Hashimu mai shuɗi, randa ce a bakin ƙofa. Alhaji ne ya girke ta saboda manoman Tarai da Fassi da ke isowa da jakuna, maƙogwaro a bushe. Duk wanda ya karɓi mabuɗi, da randar yake karɓa, kuma ba ya buɗe shago sai ya cika ta. Na sha ganin Baba Hashimu, da ciwon bayansa, yana jan guga kafin ya zura zare a allura. Matan Fulani kan sauke ƙwaryar nono su sha, su ce, "Allah ya jiƙan mai randa," ko sunansa ba su sani ba.

Yau ruwa ya koma cikin leda, baƙon da ƙishi ya kama a titin nan ba ya sanin ƙofar da zai tsaya. Ina sakandare aka fara hakan. Idon Baba Hashimu ya raunana, ɗansa ya ɗauke shi zuwa Kibiya, wani saurayi mai suna Auwalu ya kama shagon zai sayar da wayoyi da lemo. Ina dawowa daga makaranta na tarar ya mirgine randar gefen kwata, yana auna wurin firji. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya gaya masa. Na wuce, na dawo, na sake wucewa. Can na tsaya, kaina a sunkuye, na yi masa magana.

"Yaya, don Allah ka mayar da ita inda take. Ni zan riƙa cika ta kafin in tafi makaranta."