Fitilar Gwajin Babana

Ranar wata Asabar cikin bazarar 1977 wata doguwar baƙar mota ta tsaya gaban rumfar babana a Gusau, gilasanta duk a sauke. Mai ita, wani Alhaji ɗan kasuwar auduga daga Tsafe, ya fito yana fifita da hularsa, ya ce iyakwandishan ɗinsa ta daina sanyi. A lokacin motar da ke hura sanyi abin kallo ce, sai ga yaran unguwa sun cika wurin. Babana, Malam Sani, gyaran wayar mota yake yi, ni kuma ina da shekara goma sha biyu, ina tsaye da ƙirji a buɗe don na tabbata yau za a miƙa mini fitilar gwaji a gaban jama'a. Sai na ji Baba ya ce wa Alhajin ya bar motar zuwa la'asar, Lawali zai duba ta. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Lawali ɗan ƙanin babana ne, an kawo shi gidanmu daga Kekun Waje ta ƙasar Bungudu shekara guda kafin nan. Da ya zo ko sukuddireba bai iya riƙewa ba, ni nake yi masa dariya. Tare muke ɗebo ruwa da safe, tare muke yanko wa awakin Inna ciyawa, ranar hutu mu bi Baba gona Magami. Amma ina makaranta muna langa a fili, shi yana rumfa yana kallon hannun Baba. Ko motar kara muka yi, tasa sai ta fito da fitila mai kamawa, don tsofaffin batiran tocila yake shanyawa a rana. Inna ta fara cewa yaron nan yana da hannu, Baba kuma ya fara rage masa fura a ƙwaryarsa. Ba na jin kunyar faɗa, na tsani yaron nan, kuma bai taɓa yi mini komai ba.

Fitilar gwajin ba wani abu ba ce, ƙwan fitilar mota ne da waya biyu, amma da ita Baba yake ciyar da mu, kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta. Yakan ce, "Wuta ba ta ƙarya, ka bi ta a hankali za ta kai ka inda ta tsaya." Ya yi mana bayani a kan motar Alhajin. A gaban kwamfireson da ke tura sanyi akwai kuloci, wani faifai da wuta ke jawowa ya kama, sannan bel ya juya kwamfireson. Na wannan motar ya ƙi kamawa. In fitila ta kama a bakin wayar kulocin, wuta tana isowa, matsalar tana wurin. In ta ƙi, sai a kwance gaban mota a bi fiyus da makunni, aikin kwana biyu.

Da suka tafi sallar azahar na ce cikina ke ciwo. Na buɗe gwangwanin da ake zuba matattun ƙwayaye, na zaɓi wanda bai yi baƙi ba, na sauya da na fitilar. Lissafina shi ne Lawali ya ce wuta ba ta isowa, a kwance motar mutane a banza, Baba ya ji kunya ya gane wane ne ɗansa. Har daɗi na ji a raina.

La'asar ta yi, Alhaji ya dawo, Baba ya miƙa wa Lawali fitilar. Maimakon ya nufi kuloci, sai ya fara ɗora wayoyinta a kan batir. Ba ta kama ba. Ya dubi ƙwan, ya dube ni sau ɗaya, ya je ya ɗauko wani ya sa. Wannan karon ta kama a batir, ta kuma kama a bakin kulocin. Ya sa yatsa ya bi wayar da ke manne da jikin ƙarfe, ya tarar tsatsa ta cinye bakinta. Ya kankare, ya ɗaure, aka tayar da mota, faifan ya kama. Alhaji ya sa hannu a bakin iskar yana ta sa wa Baba albarka, ya ce Allah ya raya masa wannan ɗa nasa. Baba ya amsa da amin, bai gyara masa ba.

Bayan an watse ya kira ni bayan rumfa, mataccen ƙwan yana tafin hannunsa. Na shirya shan bulala, amma bai ko ɗaga murya ba.

"Ba muguntar ta dame ni ba, Bala," in ji shi. "Shekara nawa kana nan, ba ka san ana hwara gwada ta ga batir ba?"

Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun ina rarrafe nake ganin yana fara gwada fitilar a batir, ban taɓa tambayar dalili ba. Daga ranar bai ƙara kirana rumfa ba, ya ce in riƙe boko da kyau, na kuwa riƙe har na yi ritaya a aikin ofis.

Yanzu kusan kowace mota tana da sanyi, yara suna maƙala mata na'ura ta faɗa musu ciwonta, ba wanda ke tsayawa kallo. Baba ya rasu, Lawali ya tsufa a rumfar, yana zuwa gidana da sallah, kuma bai taɓa tayar da zancen ƙwan nan ba. Ina ƙaunarsa yanzu, Allah ya sani, amma abin bai gama sakina ba. Har yau in aka ce ɗan Malam Sani mai waya a Gusau, Lawali ake nufi.